Tagar da Na Huda a Jarwal

Jarwal, Makka
18 ga Zulhajji, 1384 (Afrilu, 1965)

Zuwa ga yayata Ɗaso, a Ringim.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa ce daga ƙanenki Mailafiya, cikin girmamawa da begen ganin fuskarki. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da duk wanda ke cin tuwo a gidan. Yaya idon naki? Na yi miki addu'a a Arfa bana, na kira sunanki da na marigayi Malam, na roƙi Allah Ya yaye miki yanar nan da kika ce tana ƙara rufe miki gani. Mu nan lafiya muke, sai gajiya. An gama aikin hajji, baƙi sun fara watsewa. Matata Hure ta yi wata guda cur tana tuƙa wa alhazai tuwo, yanzu gwiwoyinta sun ce ba su san zancen ba, da bango take miƙewa. 'Ya'yanmu Saudatu da Ruƙayyatu sun yi tsawo, in na yi musu Hausa su amsa mini da Larabci, in na yi faɗa su yi dariyar yadda nake lanƙwasa harshen mutanen garin bayan shekara talatin. Duk suna gaishe ki.

Yaya, kafin in ci gaba, ina roƙonki abu guda. Kada ki ba Lurwanu takardar nan ya karanta miki a tsakar gida yadda kuka saba, mata na sussuka suna saurare. Alhaji Abdulganiyyu da na ba shi ita, shi zai karanta miki, daga ke sai shi. Na san kin sa an share ɗaki, na san tun da aka ce alhazai sun kama hanya kunnenki yana tasha. To, ki sani tun yanzu, ɗanki Awwalu yana raye, ƙafarsa da hannunsa lafiya ƙalau, amma ba ya cikin masu dawowa bana. Kin rubuto cewa in turo miki shi ki gan shi tun idon bai gama rufewa ba, na kuma amsa miki da to. Ban cika ba. Dalilin ne zan gaya miki, kuma na yi kwana shida ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don ba wanda ya fi ni laifi a ciki.

Kin tuna ranar da za ki koma, shekara uku ke nan, a wurin motocin Jidda, kika kama hannunsa kika sa a nawa, kika ce maraya ne, ya yi karatu ya koyi sana'a a garin da ba a shan giya ba a caca. Yana da shekara goma sha uku a lokacin. Na buga ƙirji na ce ai ko makaho ya riƙe yaro a Makka ba zai lalace ba. Kin kuma tuna takardarki ta bara, inda kika ce Hajiya Maryama ta dawo tana ba mata labari, wai ɗanki ya zama saurayi mai tsabta, tun daga bakin lungu ake jin ƙamshinsa kamar limamin Juma'a. Kika ce kin yi kukan daɗi, kika sa mini albarka. Na ajiye takardar a cikin akwatin turare ina nuna wa mutane. Yanzu ko gefen akwatin ba na son kallo.

Bari in fara da shagon. Kin san shi, ɗan ƙurmusun ɗakin nan a bakin hanyar da ke fita Jidda, inda nake sayar da turaren wuta da miski da ɗan goma. Tun bayan tafiyarki wani turare na ruwa ya yi kasuwa, ana ce masa kolonya, daga waje ake kawo shi cikin kwalabe, fari kamar ruwa, ƙamshinsa na lemon tsami. Wanzamai na shafa wa mutum bayan aski, mata na yayyafawa a ɗaki. Direbobi ne suka fi kowa saye. To, hanyar ƙunci gare ta, in mota ta tsaya sai na baya su yi ta zuba oda, ƙofata kuma lungu take kallo, sai direba ya sauko ya zagayo. Wata rana ina zaune dabara ta faɗo mini. Na kira magini ya huda mini taga a bangon da ke kallon titi, daidai tsayin tagar mota. Direba ya tsaya, ya danna oda sau biyu, ya miƙo hannu, in miƙa masa kwalba, ya wuce, ko injin ba ya kashewa. Yaya, na ji kaina ya yi girma. Kafin wata uku shaguna uku a layin sun huda tasu. Har cewa nake yi a majalisa, Bahaushe ya koya wa 'yan Makka kasuwanci.

Akwai wani abu da na ɓoye, ko ke ban taɓa gaya miki ba. Hancina ya mutu. Shekara bakwai ke nan ba na jin ƙamshi ba na jin wari. Hayaƙin turaren wuta ne ya cinye shi a hankali, tun ina bambance miski da ambar ido rufe har na wayi gari albasa da fure duk ɗaya ne a wurina. Mai turare da ba ya jin ƙamshi, wa zai saya a wurinsa? Sai na yi shiru. In zan haɗa turare ina auna shi da abin da na haddace, in kai wa Hure gida ta sansana ta ce ya yi ko bai yi ba. A gaban mai saye kuwa in kai kwalba hanci in lumshe ido in ce masha Allah, alhali iska kawai nake shaƙa. Na ɗauka wannan ƙaramar ƙarya ce da ba ta cutar da kowa.

Shi kuwa Awwalu, karatun safe yake yi, da rana ba ya son zaman shago, hankalinsa na kan mota. Wani Yunus, haifaffen nan ne amma kakanninsa mutanenmu ne, yana da 'yar motar ɗaukar kaya da suke kira wanet. Ya ce in ba shi yaron ya koya masa tuƙi. Na ga sana'a ce mai gaba, na yarda. Cikin shekara guda yaron ya iya, har in rana ta take Yunus kan kwanta a inuwa ya bar masa motar ya kai kaya cikin gari. Sai ya zamana kusan kullum zan ji oda sau biyu, in leƙa in ga ɗanki a bayan sitiyari yana murmushi, ya ce Kawu, maigida ya ce a ba shi biyu. In miƙa. Ran Juma'a har ƙara masa guda nake yi kyauta, in ce wannan taka ce, ka shafa, turare sunna ne. In ya shigo gida Hure ta yi ta yaba shi, tana ce wa 'ya'yanta su dubi ɗan'uwansu, direba ne amma ba ya warin man mota. In ya zube ya yi barci tun kafin magariba mu ce gajiyar hanya ce. In idonsa ya yi ja mu ce rana ce. Gidan mai turare, yaro yana ƙamshin turare, wa zai yi tunanin wani abu?

Kwana tara bayan ƙaramar salla, ana gab da kiran azahar, ya tsaya a tagar ya karɓi biyu kamar kullum, motar cike da buhunan gawayi. Ba a yi sa'a guda ba na ji mutane na gudu suna yin gangare. Kin san bazan, wurin nan da 'yan ga-ruwa ke ɗibar ruwa a ƙasan unguwa. Motar ta sauko gangaren, maimakon ta bi kwana sai ta miƙe ta hau dakali, ta haɗa Isufu da bango. Isufu mutumin Tawa ne, za ki tuna shi, dogon nan mai tsage da ke kawo mana ruwa garwa biyu a sanda, wanda kika ba goro ya ce rabonsa da goro mai kyau tun yana saurayi. Shekara goma sha ɗaya yana shiga gidana. Cinya ta karye, ƙauri ya karye, garewanin sun lotse kamar an taka gwangwanin madara. Da na iso na tarar da Awwalu durƙushe a kansa yana kuka, ruwa da gawayi sun caɓe ƙasa. Askar, wato ɗan sanda, ya zo yana tambaya. Isufu, yana cije baki don azaba, ya ce laifinsa ne, shi ya shiga gaban mota bai duba ba, ba ya ƙarar kowa. Ya ƙi a kai shi asibiti don ba shi da takardar zama, kamar yadda ni da Awwalu ba mu da ita. Muka ɗauke shi a kan ƙyaure zuwa wurin wani maɗori Bazazzagi. Ni duk a zatona birki ne ya tsinke.

Rana ta uku na je duba shi. Ya ce wa matarsa Zali ta ɗan ba mu wuri. Sai ya ce mini, a hankali, ba tare da ya kalle ni ba, wai da yaron ya sunkuyo a kansa yana kuka, ƙamshin lemon nan ba daga riga yake fitowa ba, daga baki yake fitowa. Ban gane ba, na ce me yake nufi. Ya juyo ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce ashe da gaske ban sani ba. Yaya, sha suke yi. Abin da ke cikin kolonya, wanda ke sa ta yi sanyi a fata ta bushe nan da nan, shi ne abin da ke cikin giya, har ya fi ƙarfi. Suna zubawa a lemon kwalba ko a ruwa su shanye a cikin mota. Ya ce su 'yan ga-ruwa da ke shiga kowane lungu sun daɗe suna ganin tulin kwalabe a bayan garejin motoci, direbobi ma sun sa wa tagata suna, wai bazan ɗinsu. Ya ce kowa a layin ya ɗauka na sani, don ba wanda zai yarda mai turare na tsaye kamu ɗaya da bakin mutum bai ji abin da ya sha ba. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa shekara biyu Isufu ke juye ruwa a randa ya fita da gajeriyar sallama, bai ƙara zama shan shayi ba. Mutumin da ya ɗauke ni mai sayar da maye, shi ne ya yi wa askar ƙarya don ya rufa wa gidana asiri.

Ban san yadda na kai gida ba. Na kira Awwalu soro, bai yi musu ba. Ya ce Yunus ne ya fara ba shi a hanyar Jidda, wai tana korar barci da tsoron hanya, shekara ɗaya da rabi ke nan. Daga baya ko ba a aike shi ba yakan zo ya ce an aike shi. Ya ce tagar ce ta sauƙaƙa masa, don da zai sauko ya tsaya a gabana a kan ƙafafunsa da ba zai iya ba. Na ɗaga hannu zan kwaɗa masa mari, sai na tuna da wannan hannun nake miƙa masa, har da ƙarin ran Juma'a. Na sauke. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Inna. Washegari ban jira magini ba, na kwaɓa ƙasa na jera duwatsu na toshe tagar da kaina. Aikin ya fito a karkace, har yau in ka wuce za ka ga tabon a bango.

Da na tsaya nan da na huta, amma sauran tagogi uku na nan a buɗe, kuma ni na koya musu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban ce su daina sayar da kolonya ba, wanzamai na bukata, mata na bukata. Cewa na yi a daina miƙa wa mutum yana cikin mota. Ta taga hannu kawai kake gani, ba ka san ko na dattijo ne ko na yaron da gemu bai tsiro masa ba, ba ka san ko mai hannun ya riga ya sha uku a hanya ba. In ya sauko ya tako ƙafa, tafiyarsa za ta gaya maka, idonsa zai gaya maka. Biyu daga cikinsu suka ce in Mukhtaru ya yarda sun yarda. Mukhtaru shi ne mai babban shagon da ke sama da nawa, kakansa Bakano ne amma shi ɗan ƙasa ne da takardunsa, Hausarsa ma sai ya haɗa da Larabci take tafiya. Ya ba ni shayi, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce shi turare yake sayarwa, hukuma ba ta hana ba, abin da mutum ya yi da shi bayan ya bar wurin tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Da zan tashi ya raka ni bakin ƙofa yana murmushi, ya ce shawara yake ba ni ta ɗan'uwa, mutumin da ba shi da iƙama, wato takardar zama, bai kamata a riƙa jin muryarsa da yawa ba.

Duk da haka na tafi wurin umda, wato mai unguwarmu, wani tsoho Balarabe da ke zama a kan doguwar kujera a ƙofar gidansa bayan la'asar yana sauraron ƙorafi. Ya sa aka kira masu shagunan. Mukhtaru ya ce hassada ce, wai kasuwa ta juya mini baya na toshe tagata, shi ne nake so kowa ya toshe. Umda ya ce shi ma yana jin ƙishin-ƙishin, amma ba zai hana mutane sana'a a kan ji-ta-ji-ta ba. In ina da mutum guda da zai tsaya ya ce ya saya ta taga ya sha ya tuƙa mota, in kawo shi. Ya kuma tuna mini, yana kallona ta saman tabarau, cewa wanda ya amsa da bakinsa ya sha abin maye bulala tamanin ke jiransa in magana ta kai gaban alƙali, in kuma ba shi da takarda, daga nan sai jirgin ruwa. Na ce na ji, na tashi na tafi gida.

Hure ta ce in bar maganar, na toshe tawa, na fita haƙƙi, kada in jefa ɗan mutane a wuta. Gaskiya ta faɗa, na kuma yi shiru mako guda. Amma ina zaune a shago ina jin oda sau biyu daga wajen Mukhtaru, safe da yamma, kowace sai ta soke ni a ƙirji. Ban gaya wa Awwalu abin da umda ya ce ba, a titi ya ji. Wata safiya bayan mun dawo daga masallaci ya tare ni a soro ya ce zai je. Na ce ba zai je ba, amanar uwarsa ce a hannuna. Ya ce Kawu, kullum in ya je gaida Isufu ya ga ƙafar nan a ɗaure da karare, ya tuna mutumin ya yi ƙarya dominsa, ji yake bulala tamanin ta fi masa sauƙi. Ya ce akwai yara biyu da ba su kai shi ba ma a shekaru da ke karɓa ta tagar Mukhtaru, ya san su, tare suke sha. Wannan shi ne laifina na biyu, Yaya, kuma shi da sanina na yi. Ina iya kulle shi a ɗaki. Ban kulle shi ba. Na sa ɗanki a gaba na kai shi inda za a iya tsula masa bulala a kore shi daga ƙasa, ban tambaye ki ba.

Ya tsaya a gaban umda da masu shaguna da 'yan kallo, ya faɗi komai, bai rage ba. Umda ya tambaye shi wa ke miƙo masa kwalbar. Yaron ya sunkuyar da kai ya ƙi magana, sai na ce ni ne, na kuma faɗi maganar hancina a gaban kowa, abin da na ɓoye shekara bakwai. Wani ya yi dariya a baya, ban ga laifinsa ba. Tsohon ya ja carbinsa. Can ya ce tunda wanda aka karya bai kai ƙara ba, shi ma ba zai kai ba, maganar za ta tsaya a unguwa. Ya ce a toshe tagogin kafin Juma'a, kada a ƙara miƙa wa kowa kwalba yana cikin mota, kuma yaron da bai yi gemu ba kada a sayar masa sai ubansa ya zo da kansa. Sannan ya juya kan Awwalu. Ya ce hannunsa ba zai ƙara taɓa sitiyari ba, kuma tunda ya karya ƙafar da ke ciyar da gida, shi zai ɗauki sandar Isufu da garewaninsa, ya kai ruwa duk gidajen da Isufu ke kai wa, abin da ya samu ya zube a hannun Zali, har ranar da Isufu zai iya tsayuwa a ƙarƙashin sandar da kansa. Ya ce in yaron ya bar garin kafin ranar, maganar za ta tashi daga hannunsa ta koma hannun hukuma, ni ne kuma zan amsa.

Kada ki ɗauka an yi nasara irin ta labari. An toshe tagogin, gaskiya ne. Mukhtaru ba ya amsa sallamata. Yunus ya kwashe motarsa ya koma Jidda, ko sannu bai je ya yi wa Isufu ba. An ce wani ya kafa rumfa can bayan Ka'akiyya, inda ikon umdanmu bai kai ba, yana miƙa wa direbobi yadda muke yi da. Na ji haka na rasa ƙarfin da zan yi fushi ma. Masu sayen turarena sun ragu, don labarin hancin ya zaga, har wata tsohuwa ta zo ta tura mini kwalba a hanci wai in faɗa mata mene ne a ciki. Direban da ya sauko ya shigo kuwa, tunda ba zan ji bakinsa ba, gaisuwar Ringim nake yi masa. In tambayi gida, in tambayi iyali, in tambayi gajiya da hanya da zafi, in sake komawa kan gida, ina kallon ƙafafunsa da idonsa. Wanda ya sha ba ya iya tsayuwa har ƙarshenta. Uku na kora a watan nan, ɗaya ya zage ni ta uwa ta uba. Na gaji, Yaya. Na gaji da gaisuwa, na gaji da kallon ƙafafun mutane, amma dai tun daga ranar mota ba ta ƙara hawa dakalin bazan ba.

Ɗanki kuwa kusan wata biyu ke nan yana ɗibar ruwa. Makon farko kafaɗunsa suka saluɓe, Hure na shafa masa man shanu yana cije haƙori. Hannunsa ya yi ta karkarwa, kansa na sara, ya yi amai, ya yi fushi da kowa, duk na rabuwa da abin ne, yanzu ya wuce. A kwanakin hajjin nan ya hau benaye da garwa biyu har sai da tafin ƙafarsa ya tsage. Samarin da ya saba yi wa oda yana wucewa su ne ke tsokanarsa, ba ya tanka musu. Da yamma yakan zauna wurin Isufu, shi kuma yana koya masa yadda ake sauya kafaɗa ba a sauke kaya ba. Maɗori ya ce cinyar ta kama, amma ƙaurin ya ɗan karkace. Watakila bayan Mauludi ya taka, watakila sai baɗi, watakila kuma ba zai ƙara ɗaukar sanda ba har abada. Ba zan yi miki ƙarya in sa rana ba.

To, magana tana hannunki, ke kika haife shi. In kin ce lallai a turo shi, ki gaya wa duk wanda zai fara tahowa. Zan je in durƙusa wa umda in roƙe shi ya karɓe ni a madadin yaron, in ɗauki sandar da kaina, shekarata hamsin da bakwai amma ni na huda tagar. In kuma kin iya haƙuri ki bar shi ya sauke abin da ya ɗauka, to ki sani ina sane da abin da nake roƙonki, watakila in ya zo idon ya riga ya rufe. Ban ce ki yafe mini yanzu ba. Kwalbar kolonyar nan da na aiko miki bara, wadda kika ce kina buɗewa ki sansana in begensa ya dame ki, ki yi yadda kika ga dama da ita. Bana ban sa turare a cikin saƙon ba, sai zamzam da dabino da tozalin Madina don idon.

Ki gaida Lurwanu, ki ce ya riƙe karatu. Ki gaida Baba Ɗan'auta da iyalinsa, da Hajiya Maryama, kada ki ga laifinta, abin da ta ji ta faɗa. Hure na gaishe ki, ta ce ita ma a roƙa mata gafara, don ita hancinta lafiya lau kuma ta yaba. Isufu ya ce a gaida mai goro, wai kada ki sa damuwa a ranki.

Awwalu ya zauna zai rubuto miki, ya kasa. Sai ya tuɓe rigar da yake ɗibar ruwa da ita ya ce a kai miki. Hure ta ce ba za a aika wa uwa riga haka ba, wai warin gumi da tsatsar garwa ya cika ɗaki, ta ɗauka za ta wanke, na karɓe. Tana nan a ƙasan ƙullin, a naɗe yadda ya cire ta. Ki sansana ta, Yaya. Ni ba zan iya ba. Ke ce za ki gaya mini ko ɗanki ya dawo.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki mai jiran amsarki,
Mailafiya mai turare, Jarwal.